Zuma a Kan Allo: Leƙe Cikin Makarantar Yahudawa ta Birmingham



Yau ƙasar Ingila za mu je, birnin Birmingham, unguwar Moseley. A bakin titin Alcester akwai wata firamare ta jeka-ka-dawo mai suna King David, wato Sarki Dawuda, wanda mu muke kira Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Makarantar Yahudawa ce, kuma ta ɓangaren masu riƙo da addinin nasu kamar yadda suka gada. Sai dai wanda ya tsaya a bakin ƙofarta da safe zai ga iyaye mata sanye da hijabi suna riƙe da hannun 'ya'yansu, suna miƙa su ciki. A shekarar 2007 jaridar The Independent ta ba da labarin cewa kusan rabin ɗaliban makarantar, waɗanda gaba ɗayansu ba su wuce 250 ba, 'ya'yan Musulmi ne. Daga baya ma Musulmin ne suka fi yawa.

Wani ɓangare na dalilin a fili yake. Yahudawa sun daɗe a Birmingham, babbar majami'arsu ta Singers Hill tun 1856 take tsaye, makarantar kuma asalinta tun ƙarni na 19 ne. Amma a hankali iyalai suka yi ta ƙaura zuwa Landan da Manchester da Isra'ila, har jama'ar ta ragu ƙwarai. A ƙidayar 2021 Musulmi sun kai kusan kashi 30 cikin ɗari na mazauna birnin, Yahudawa kuwa ba su kai ko kashi 1 ba. Kujeru sun rage a aji, sai aka buɗe wa maƙwabta ƙofa. Wannan ya gaya mana yadda aka samu gurbi. Abin da bai gaya mana ba shi ne abin da ya sa uba Musulmi, wanda yake da makarantun gwamnati birjik a unguwarsa, zai zaɓi wannan ya kai ɗansa. Amsar tana cikin aji, saboda haka mu shiga mu ga yadda yini yake tafiya a makarantu irin wannan.

Da addu'a ake buɗe safiya. Yara maza suna rufe kai da 'yar ƙaramar hular nan da suke kira kifa, a buɗe littafin addu'o'i, a karanta da murya ɗaya cikin harshen Ibrananci. Bayan nan sai lissafi da Turanci da kimiyya, daidai da manhajar da gwamnatin Ingila ta shimfiɗa wa kowace makaranta, sannan a tsakanin darussan a saka karatun addini da na harshe. Yaro ɗaya, yini ɗaya, rufi ɗaya, ya ɗebi boko ya ɗebi addini.

Darasin harshen zai ba duk wanda ya yi makarantar allo mamaki. Ibrananci daga dama zuwa hagu ake rubuta shi, kamar Larabci. Baƙaƙensa 22 ne, kuma ga yadda suke farawa: alef, bet, gimel, dalet. Wanda ya san lissafin abajada ya riga ya gane su, alif ne da ba da jim da dal. Wasulansu ɗige-ɗige ne da 'yan layuka da ake sa wa harafi, galibi a ƙarƙashinsa. Mu a tsangaya da babbaƙu muke farawa sannan mu shiga farfaru. Su kuma yaro yana soma karatu da wasulan, idan ya ƙware sai a janye masa su, domin naɗaɗɗen littafin Attaura da ake karantawa a majami'a ba shi da wasali ko ɗaya. Gaisuwarsu shalom, tamu salam. Harsunan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma yaron da yake zuwa Islamiyya da yamma ba ya shan wahalar gane hakan.

Akwai wata tsohuwar al'ada ta Yahudawan Turai, tun ɗaruruwan shekaru, wadda wasu iyalai suke yi har yau. Ranar da za a fara sa yaro karatu, sai a rubuta baƙaƙe a kan allo, a shafa musu zuma, malam ya faɗi harafi, yaro ya maimaita, sannan ya lasa. Abin da ake so shi ne abu na farko da yaro zai sani game da karatu ya zama zaƙi. Masu sauraro, ku riƙe mini wannan zumar, za mu dawo kanta.

Abin da ya fi jan hankalina a irin waɗannan makarantu shi ne yadda kalandar addini take zama manhaja. Ana koyar da idi da hannu da baki da hanci, kafin a zo ga bayani a kan allo. Shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, daidai lokacin sabuwar shekararsu. Sai a kawo ƙahon rago aji a busa, yara su ji ƙararsa, a yanka tuffa a tsoma a zuma a ci da fatan shekara mai daɗi. Mako biyu bayan haka Idin Bukkoki ya zo, a kafa rumfa a filin makaranta, a yi mata rufin ganye, yara su yi mata ado da zane-zanen da suka yi da hannunsu, su zauna ciki su ci abinci, ana tuna musu zaman kakanninsu a hamada bayan fitowa daga Masar. A tsakiyar sanyi akwai Hanuka, kwana takwas ana kunna kyandir, kullum a ƙara ɗaya. Kafin sanyin ya wuce akwai ranar da suke kira sabuwar shekarar bishiyoyi, a yi shuka, a ɗanɗana 'ya'yan itatuwa iri-iri, malamin kimiyya ya samu ƙofar shiga da darasin tsiro. A bikin Furim kuma yara suna haɗa ƙunshin kayan ciye-ciye su aika wa juna, a kuma ware na mabuƙata.

Babban cikinsu shi ne Idin Ƙetarewa, wanda ake tuna kuɓutar Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna a ƙarƙashin jagorancin Annabi Musa. A gida ake yin liyafar daren idin, amma kafin a tafi hutu makaranta tana shirya ta gwaji. A jera tebura, a kawo gurasa marar yisti, da ganye mai ɗaci don tuna ɗacin bauta, da ruwan gishiri don tuna hawaye. Kuma bisa al'ada ba babba ne yake buɗe labarin ba. Mafi ƙanƙanta a wurin shi ne zai miƙe ya yi tambayoyi huɗu a kan abin da ya bambanta wannan dare da sauran darare, sai manya su amsa masa da labarin fitowa daga Masar. Yaro ɗan shekara biyar yana kwashe makonni yana haddar tambayoyin nan, domin ya san idan ya koma gida, kakansa da baƙi duk shi za su zuba wa ido.

Ku lura da abin da ake shukawa a nan. Ana nuna wa yaro tun yana ƙarami cewa tambayarsa ita ce mabuɗin zaman, kuma manya suna jiranta. Idan ya girma ya shiga manyan azuzuwa, sai a haɗa shi da abokin karatu, su biyu su sa nassi ɗaya a gaba, wannan ya kawo fahimtarsa, wancan ya ƙalubalance shi, su yi ta ja-in-ja har ma'ana ta fito. Habruta suke ce wa wannan salo, kalmar da asalinta abota take nufi. Ajin yakan cika da hayaniya, malam kuma yana zagawa yana saurare, domin hayaniyar ita ce shaidar ana karatu. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Su sun ɗauki wannan magana sun mayar da ita tsarin koyarwa.

Mu leƙa ɗakin cin abinci, domin nan ne hankalin iyaye Musulmi da yawa ya kwanta. Abincin makarantar kosha ne, wato wanda ya dace da shari'arsu. Babu naman alade ko kusa. Dabba sai an yanka ta da wuƙa mai kaifi an tsiyayar da jini. Suna da ƙarin wata doka da mu ba mu da ita, ba a haɗa nama da madara a ci tare, har tukwane da cokula daban ake ajiye musu. Malamanmu sun yi bayanin halaccin abincin Ahlul Kitabi a tafsirin aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, kuma uban da yake zaune a ƙasar da naman alade yake ko'ina ya san darajar ya tura ɗansa makaranta ba tare da fargabar abin da za a zuba masa a faranti ba. A King David ana ba yaran Musulmi damar hutun Sallah, ana kuma kula da masu azumi a watan Ramadan. Iyayen sun ga wurin da ake ambaton Allah ɗaya, ake girmama annabawan da suka sani, ake kuma ɗaukar addini da muhimmanci. Wannan ya fi musu kusa da zuciya fiye da makarantar da babu ruwanta da addini sam.

A kusurwar aji akwai asusu. Tsedaka suke kiran abin da ake jefawa ciki, kuma kunnenku bai yaudare ku ba, tushenta ɗaya da sadaka. Yara suna zuwa da 'yan sulalla daga gida, musamman ranar Juma'a, idan asusu ya cika a ƙirga tare, a tattauna inda za a kai. Ana kai yara gidajen kula da tsofaffi su yi musu waƙe, ana tara abincin gwangwani don masu ƙaramin ƙarfi. Yaron da ya saba jefa sulai a asusu yana ɗan shekara shida, idan ya zama attajiri ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Ranar Juma'a kuwa makaranta tana sauya kama. Asabar ita ce ranar hutunsu, kuma tana shiga ne daga faɗuwar ranar Juma'a, kamar yadda mu ma dare yake riga yini a lissafinmu. A lokacin sanyi rana tana faɗuwa a Ingila tun wajen ƙarfe 4 na yamma, saboda haka ana tashi da wuri. Kafin a tashi sai a shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a ɗora kyandir biyu, da burodi mai kitso guda biyu, da ruwan inabi marar sa maye. A zaɓi yarinya ɗaya ta zama uwar gida, yaro ɗaya ya zama mai gida, su yi abin da iyayensu za su yi da daddare. An raba Attaura kashi 54, ana karanta kashi ɗaya, wani lokaci biyu, kowace Asabar har a sauke a shekara. Duk mako yaro yana koyon labarin kashin wannan makon, a ba shi takarda mai tambayoyi ya kai gida, domin a teburin cin abincin dare uba ya tambaya, ɗa ya amsa. Ta haka darasin aji yake bin yaro har gida, ya jawo uban ma ya buɗe littafi.

Iyaye ba baƙi ba ne a makarantar. Idan yara sun iya haɗa baƙi, wajen shekara shida, ana yin bikin ba su littafin addu'a na farko. Iyaye su yi wa bangon littafin ado da sunan yaro, kakanni su zo, a kira yara ɗaya bayan ɗaya a miƙa musu. Mu a ƙarshen tafiya muke yin walimar sauka. Su suna yin wani shagalin tun a farkonta, don yaro ya ji cewa jama'a sun ga ƙoƙarinsa.

Wannan riƙo da makaranta ba jiya ya fara ba. Littafin malamansu mai suna Talmud ya ambaci wani babban limaminsu na ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, mai suna Yoshuwa ɗan Gamla, wanda ya kafa dokar a sa malamai a kowane gari, a kai musu yara tun suna shekara shida ko bakwai, don kada maraya ya rasa karatu saboda ba shi da uban da zai koya masa. A wuri ɗaya kuma an ƙayyade cewa malami ɗaya yara 25 zai riƙe, idan sun kai 40 a ba shi mataimaki, idan sun kai 50 a sa malamai biyu. Masu sauraro, ku auna wannan da azuzuwanmu na yau, inda malama ɗaya take fama da yara fiye da ɗari a kan tabarma. A Landan akwai makarantar Yahudawa da ake kira JFS, tun 1732 take aiki har yau. A ƙasar Maroko kuma ƙungiyar Yahudawan Faransa mai suna Alliance ta buɗe makarantarta ta farko a garin Tetuwan a 1862.

Wa yake biya? A Ingila, dokar ilimi ta 1944 ta buɗe hanyar da makarantar addini za ta shiga tsarin gwamnati ba tare da ta rasa kamanninta ba. A yau gwamnati tana biyan albashi da kuɗin gudanarwa, jama'ar makarantar su kawo kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gine-gine, su kuma riƙe ikon ɗaukar malamai da tsara darasin addini. Kuɗin karatun addinin da na tsaro, iyaye ake roƙo su taimaka gwargwadon hali. A ƙarƙashin irin wannan tsari ne makarantun Katolika da yawa suke, kuma tun 1998 makarantun Musulmi ma suka fara shiga.

Na ambaci tsaro, kuma dole in tsaya a kansa. Makarantun nan suna da dogayen shinge da masu gadi, ana kuma koya wa yara inda za su ɓuya idan an kawo hari. A ranar 19 ga Maris 2012 wani ɗan bindiga ya shiga makarantar Yahudawa a birnin Toulouse na Faransa ya kashe malami ɗaya da yara uku. Mu da muka ga abin da ya faru a Buni Yadi da Chibok da Ƙanƙara ba ma buƙatar a fassara mana kukan uwar da ta tura ɗanta makaranta bai dawo ba.

Na san abin da yake ran wasunku tun da na fara magana. Ana cewa Yahudawa, zuciya take tafiya Gaza da Ƙudus, ga jinin yaran Falasɗinawa da muke gani, kuma wannan ciwo na gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Ba zan ɓoye muku ba, makarantar King David tana da alaƙa da Isra'ila a koyarwarta, har bikin ranar kafuwar ƙasar ake yi a cikinta, kuma wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a zuciyar iyaye Musulmi. Wasu saboda haka ba za su taɓa kai 'ya'yansu ba, kuma haƙƙinsu ne. Amma adalcin da addininmu ya koya mana bai yarda a ɗora wa yaro ɗan shekara bakwai a Birmingham laifin wata gwamnati ba, bai kuma hana mu ganin alheri a inda yake ba. Yaran da suka zauna a benci ɗaya shekara bakwai, suka ci a tebur ɗaya, zai yi wuya wani ya zo daga baya ya shawo kansu cewa ɗayansu ba mutum ba ne.

To, mu dawo gida. Haɗa boko da addini a rufi ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Marigayi Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa sun yi fafutukar kafa makarantun Islamiyya tun shekarun 1950. A Nijar an buɗe madarasar Say a 1957, inda ake haɗa Faransanci da Larabci. A Ghana, tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, gwamnati tana biyan malaman makarantun da 'yan'uwanmu na zango suke kai 'ya'yansu. Tubalin yana hannunmu. Abin da nake roƙo shi ne mu duba ginin da muke ɗorawa a kai.

Abu na farko, mu mayar da tambaya abin yabo. Yaron da ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa?" a sa masa albarka, kada a nuna masa bulala. Sahabbai tambaya suka yi ta yi har ilimi ya iso gare mu.

Na biyu, mu shigo da watanninmu cikin aji. Muna da azumi da Sallah ƙarama da babba, muna da Ashura da sabuwar shekarar Hijira. Me zai hana yara su auna mudun zakkar fidda-kai da hannunsu a darasin lissafi, su kai wa mabuƙatan unguwa da ƙafarsu? Me zai hana a gina ɗan siffar Ka'aba a filin makaranta a yi gwajin aikin Hajji, kamar yadda wasu Islamiyyu suka riga suka fara? Me zai hana a fita duban jinjirin wata tare da malamin kimiyya?

Na uku kuma, wanda ya fi nauyi, iyaye mu shiga makaranta. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka idan mun biya kuɗin Laraba ko kuɗin zango mun sauke nauyi. Akwai uban da bai san sunan malamin ɗansa ba, bai san izu nawa yaron ya kai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jama'ar da ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na birninta ba ta riƙe makaranta sama da shekara ɗari da hamsin, har maƙwabta suna neman gurbi a cikinta. Mu da muka cika gari, da masallaci a kowane lungu, ba mu da hujjar barin malami ɗaya da yara ɗari da rufin da yake yoyo.

Na ce ku riƙe mini zuma. Ga inda za mu sa ta. A daren yau, bayan sallar isha'i, kowane uba da kowace uwa su kira yaronsu, su ce ya kawo allonsa ko littafinsa. Ku tambaye shi abin da aka biya masa yau, ku saurara har ya gama, sannan ku ce shi ma ya yi muku tambaya ɗaya. Idan kun san amsa ku ba shi, idan ba ku sani ba ku ce gobe za ku raka shi wurin malam ku tambaya tare. Yaron da ya ga ubansa ya bar abin da yake yi ya zauna saboda karatunsa ya riga ya lasa zumar, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya kawo zaman lafiya a ƙasashenmu da duk inda yara suke kwana cikin tsoro.